Agadas zuwa Bilma da Hilux: ku ba ni shawara kafin in ɗaura kaya

Mai Sola, Maraɗi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na samu aikin haɗa famfunan sola a wasu lambuna a Bilma, kuma masu aikin sun ce ni zan kai kayan. Motata Hilux ce mai ƙofa huɗu, gazuwal (dizal) take sha, lafiyarta ƙalau. Daga nan zuwa Damagaram, Tanut, Adarbisanat har Agadas ba ya ba ni tsoro, hanyata ce. Gaban Agadas ne ban taɓa takawa ba. Mu huɗu ne: ni, yarana biyu na aiki, da ƙanen maiɗakina da ya nace sai ya ga hamadar Tenere. Kaya kuma farantin sola 12, famfo 3, ƙarafa da tiyo. Ina so in tashi cikin Afrilu da zarar kayan sun iso. Mai lita nawa zan ɗauka, ruwa nawa, kuma wace hanya ta fi?

Abba na Kano:
Wa'alaikumussalam. Yaya ai yanzu wannan ba wani abu ba ne. Ka sauke taswira a waya, OsmAnd ko Maps.me, duk suna yi ko babu sabis. Ka cika tanki, ka ƙara jarka huɗu, katan biyar na ruwan roba, ka bi layin da waya ta zana maka. Kilomita 600 ne fa, kamar Kano zuwa Maiduguri.

Tsohon Direba, Agadas:
Abba, tsakanin Kano da Maiduguri gidan mai nawa ne? Mai faci nawa, mai shayi nawa? In motarka ta mutu a Potiskum, minti nawa za ka yi kafin wani ya tsaya ya ce sannu?

Ɗana mai sola, ajiye maganar lita tukuna. Abu biyu na gani a bayaninka da ba su yi mini ba: Afrilu, da mota ɗaya. Daga Afrilu zuwa Yuni zafin Kawar, yankin da Bilma take, yana haura digiri 45, rairayi ya yi laushi tun hantsi, inji yana tafasa, mutum yana shan ninkin ruwan da zai sha da hunturu. Ba banza ba ayarin raƙuman gishiri ke tashi daga Abzin cikin Oktoba da Nuwamba. Mutanen da suka gaji wannan hanya kaka da kakanni ba su zaɓi bazara ba.

Mota ɗaya kuwa, wannan ba na ma tattaunawa a kai. Ko sabuwa ce fil daga kamfani. Fanbel ɗaya ya tsinke, ko dutse ya huda lagireto, ko batir ya ƙi tashi da asuba, shi ke nan. A kwalta sai a tura mota ta tashi, a cikin rairayi mutum huɗu ba za su motsa ta ko taki ɗaya ba.

Mai Sola, Maraɗi:
Baba na gode. To amma ni mota ɗaya Allah ya ba ni. Yaya zan yi?

Tsohon Direba, Agadas:
Ka shiga ayari. Akwai ayarin motoci da ke fita daga Agadas zuwa Dirku da rakiyar sojoji, kusan kowane mako. In ka iso, ka je tasha ka tambayi ranar tashi, ka gyara takardunka wurin hukuma, a san da fitarka. Amma ka ji wannan da kyau: ayari ba ya jiran kowa. Motoci suna bazuwa, masu gudu su yi gaba, manyan kamiyo su yi baya. Saboda haka tun a tasha ka samu direba ɗaya ko biyu ku yi alkawari, ku ci abinci tare, ku san juna: ba ka wuce shi, ba ya wuce ka, in ɗaya bai ga fitilar ɗaya a madubi ba ya tsaya. Wannan alkawarin shi ne motarka ta biyu.

Hanya kuma biyu ce. Akwai ta manyan motoci, wadda ke bi ta Turayat da rijiyar Ashegur ta faɗa Dirku, daga can ka gangara kudu Bilma, abin da bai kai kilomita 50 ba. Akwai kuma ta ayarin raƙuma, ta wurin Itacen Tenere zuwa Fashi, daga Fashi zuwa Bilma. Ta biyun ta fi kyan gani, ban musa ba, amma tsakanin Fashi da Bilma tuddan rairayi ne dogaye a jere, ana tafiya a cikin lungun da ke tsakaninsu. In ka shiga lungun da ba shi ba, sai ka yi tafiyar awa biyu kafin ya toshe maka, ka juyo, mai ya ƙone a banza. Da kaya a baya, kuma karonka na farko, ka bi ta Dirku.

Abba na Kano:
To ai nan ne GPS zai yi amfani Baba. Zai nuna masa lungun.

Tsohon Direba, Agadas:
Zai nuna masa inda yake da inda Bilma take. Ba zai gaya masa cewa rairayin da ke gabansa zai haɗiye taya ba, ko cewa bayan wannan tudun rami ne mai tsawon gida. Ban ce kada a riƙe shi ba, mu ma muna riƙewa, har ma ina cewa a riƙe biyu. Sai dai jagora yana duban launin rairayi da yadda iska ta kwantar da shi ya ce bi dama. Ya kuma san wace rijiya ke da ruwa bana, ya san wanda za a gaisar a kowane shinge, da Tubanci ko Barbarci ko Buzanci. Akwai kuma wuraren da ba a sauka daga sawun motoci, musamman can arewa wajen Jado, saboda nakiyoyin da aka binne lokutan tawaye. Taswirar waya ba ta da wannan.

Makanike, Damagaram:
Baba ya gama magana a kan hanya. Ni bari in yi wa Malam lissafin da babu wanda ke son ji, lissafin nauyi.

Hilux mai ƙofa huɗu abin da aka ƙera ta ta ɗauka wajen tan ɗaya ne, har da mutanen da ke ciki. Ku huɗu da jakunkunanku, a ce kilo 300. Faranti 12, kowanne ya haura kilo 20, a ce 270. Famfo, ƙarafa, tiyo, a ce 150. Mun kai 720 ba mu zuba ko ɗigon ruwa ba.

Mai: motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 bisa kwalta, in ta shiga rairayi mai laushi da kaya tana iya shan 20 har 25. Kilomita 600 da ɗoriya, ka ga lita 150 ke nan a mummunan hali, sai ka ƙara na ɓata da na komawa baya, ka riƙe 200. Tankinka 80 yake ci. Saura 120, jarka shida, kilo ɗari da wani abu. Ruwa kowace lita kilo ɗaya ce cif, kuma za ku buƙaci sama da 200. Safaya biyu, jak, shebur, tol na fita daga rairayi, akwatin sifana, wani kilo 100. Abinci, gawayi, barguna. Ka tara da kanka, ka haura tan ɗaya da kilo 200.

Motar za ta tashi, ba na ce ba za ta tashi ba. Kowa ya ga yadda ake lafta wa Hilux kaya a Agadas. Amma su waɗancan direbobin sun ƙara ganyen sifirin, kuma sun san kowane rami. Taka za ta riƙa nutsewa, kuloci zai yi ta ƙauri, sifirin na baya zai karye a kan hanya mai gargada, tayoyin da ka sassauta wa iska za su yi zafi su fashe. Shawarata, farantan da ƙarafan ka ba babbar mota ta kai maka Dirku. Ka biya kuɗin dako, ka tafi da mota mara nauyi.

Mai Sola, Maraɗi:
Kai! Wallahi lissafin mai kawai nake ta yi. Amma ruwa lita 200 Oga? Tafiyar kwana biyu ko uku ce fa aka ce mini.

Malamar Asibiti, Tawa:
Kwana uku in komai ya tafi daidai, Malam. Ba don waɗannan kwanakin ake ɗaukar ruwa ba, don kwanakin da za ku zauna ƙarƙashin mota kuna jira ne. Ka lissafa mako guda. Da zafi, mutum ɗaya lita 8 a yini ba ta yi yawa ba, in yana haƙar taya da shebur ma ya fi haka. Mutum 4, lita 8, kwana 7, lita 224. Ban sa na lagireto ba.

Kuma kada wani ya ce zai yi ta maza ya riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan don ruwa ya daɗe. A sha isasshe, a rage motsi da rana, a zauna a inuwa, a rufe jiki. Ku riƙa duba fitsari: in ya yi ja kuma ya ragu, jiki ya fara bushewa ko mutum bai ji ƙishirwa ba. Wanda ya fara surutai marasa kan gado, ko jikinsa ya yi zafi rau, a kwantar da shi a inuwa, a jiƙa masa tufafi, a yi masa fifita nan take. Ku tafi da ƙunshin ORS da yawa. In ya ƙare, lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Gudawa a gida ciwo ce, a can kuwa tana iya kashe mutum cikin yini biyu.

Sauran: maganin ciwon kai, na zazzaɓin cizon sauro don akwai sauro a dausayin Kawar, bandeji, maganin ɗigawa a ido. Mai hawan jini ko ciwon suga ya ɗauki ninkin maganinsa ya raba wuri biyu. Da safe a kakkaɓe takalmi da bargo saboda kunama. In maciji ya sari mutum kada a tsaga wurin, kada a ɗaure tamau, a hana gaɓar motsi a nufi asibiti mafi kusa.

Hajiya 'Yar Kawar:
Malama ta faɗi gaskiya. Ni abin da zan ƙara, kada ka zuba ruwanka duka a tano ɗaya, wato duro. In ya tsage da jijjiga, ba za ka sani ba sai ka ga bayan mota ya jiƙe. Ka raba a jarkoki na lita 20, sababbi ko waɗanda ba a taɓa zuba mai a ciki ba, ka sa leda a baki kafin ka murɗa murfi. A kasuwar Agadas za ka ga ana sayar da su an ɗinke su cikin buhun algarara. Ba ado ba ne. Buhun yana hana su gogar juna su huje, in kuma ka ɗan jiƙa shi iska ta buga, ruwan sai ya yi sanyi kamar na salka. Ka rataye ɗaya a gefen mota don sha a hanya, sauran ka ɗaure su ƙasa, a tsakiya.

Abinci kada ka cika kilishi, ƙishirwa yake jawowa. Dabino, cuku, gumba, garin rogo, ƙuli-ƙuli, taliya, sardin. Abzinawa suna daka gero da cuku da dabino su dama da ruwa, kofi ɗaya ya riƙe mutum har la'asar. Shayi da sukari kuwa ka ɗauki fiye da buƙatarka, da shi ake gaisawa da mutane a hanya. Gawayi daga Agadas, don babu ko tsinke a can. In kuma tafiyar ta koma hunturu, bargo mai kauri da rigar sanyi, sanyin asubar Tenere yana sa haƙora kaɗawa.

In ka iso lafiya ka je Kalala ka ga inda ake zuba kantu. Tsarabar gishirin balma da dabino dole ce, kada maiɗakinka ta ji kunya a unguwa.

Ɗan Zolaya:
Ni tambayata ɗaya ce. Shi ƙanen matar me zai yi a tafiyar ban da cin dabino da ɗaukar hoto? Kilo 70 ne fa, jarka uku da rabi na ruwa.

Abba na Kano:
Hahaha, a bar suruki ya ga duniya. Amma tsakani da Allah, ni na ji an ce masu wannan hanya sun fi son mota mai fetur. Me ya sa ake ta maganar dizal?

Makanike, Damagaram:
Masu fetur gudu suke nema, kuma a rairayi injin fetur V6 yana da kuzarin hawa tudu, gaskiya ne. Amma yana shan mai fiye da na gazuwal, kuma jarkar fetur cikin zafin nan sai ta kumbura, ga yara masu sigari. Ni in an ba ni zaɓi, Land Cruiser mai injin 1HZ zan ɗauka, silinda shida, lita 4.2, babu turbo, babu kwamfuta. Ba ta da sauri, amma duk abin da ya same ta ana gyara shi da sifana.

Abin da Malam zai kula da shi, in Hilux ɗinsa ta zamani ce mai allurar lantarki, ba ta jure gurɓataccen mai. Na dawowa kuwa a Dirku zai saya, daga tano. Ya tace shi da kyalle mai tsabta kafin ya shiga tanki, kada ya yarda a zuba masa na gindin tano, ya kuma tafi da filtar mai biyu. Filtar iska a fitar a kakkaɓe kowace yamma. Sai fanbel, tiyon lagireto na sama da na ƙasa, baƙin mai, man birki, fis, wayar ɗauri, gam mai haɗa ƙarfe, wayar jona batir. Duk gyaran da za ka yi wa motar ka yi shi da sauran makonni, ka yi yawo da ita ka ga abin da makanike ya manta bai ɗaure ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Direban Zinariya:
Oga ban yarda da kai ba a kan fetur. Tun da aka buɗe haƙar zinariya a Jado a 2014 ka ƙirga motocin da ke hawa, ka ga wace iri ta fi yawa. Mai gazuwal mara turbo da kaya, tudu ɗaya sai ta yi hawa uku.

Makanike, Damagaram:
Ku kuna tsere ne da juna, shi kuwa famfo zai kai. Mu bar wannan, ba za mu gama ba yau.

Tsohon Direba, Agadas:
Ku bar musun inji, taya ce ke tafiya. Ɗana, ka sayi ma'aunin iska da famfon da ake jonawa a batir, ka kuma riƙe na ƙafa ko na hannu saboda ranar da wancan zai ƙone. A kwalta kana tafiya da iskar taya kilo 2.5 ko fiye. In ka shiga rairayi ka sauke zuwa 1.5, in ya yi laushi sosai 1.2. Tayar sai ta baje, motar ta hau bisa maimakon ta tona. Amma da wannan iskar ba a gudu, ba a karya kwana da ƙarfi, in ba haka ba taya ta fita daga rim. Da ka dawo kan duwatsu ka tsaya ka mayar da iska, ko da kana jin ƙyuya, don gefen taya ne duwatsu ke yankawa.

In mota ta fara nutsewa, ɗaga ƙafarka daga totur nan take. Sabon direba sai ya ƙara wuta, tayoyi su yi ta juyi har cikin motar ya zauna a ƙasa, aikin minti goma ya koma na yini. Ka sauka, kowa ya sauka, a rage iska, a yashe rairayin gaban kowace taya da hannu da shebur har ya yi gangare, a cusa tol, a sa ƙaramar giya, a fita a hankali. Sau da yawa komawa baya bisa sawunka ya fi sauƙi. Kada ka tsaya sai ka kai wuri mai tauri, yara su biyo ka da tol a ka. Jak kuma yana son katako mai faɗi a ƙarƙashinsa, in babu shi ne zai nutse ba mota ta tashi ba. In za a ja ka da igiya a ɗaura a ƙugiyar shasi, kowa ya matsa nesa.

Tafiya daga asuba zuwa hantsi, lokacin rairayi na da sanyi da ƙarfi. Da rana tsaka babu inuwa a ƙasa, ido ba ya rarrabe tudu da rami, ku kafa tampol ku huta. Ba a hawa tudu a karkace, kuma ba a tsallaka kansa sai an sauka an leƙa bayansa. In guguwa ta taso ku tsaya, ku juya wa iska bayan mota, ku jira.

Malam Liman:
Allah ya saka wa Baba da alheri. Tunatarwa kan ibada, don na ga masu alwala da ruwan sha a inda rai ke bukatarsa. Allah ya sauƙaƙa: ayar taimama tana cikin Suratul Ma'ida aya ta 6, da Suratun Nisa'i aya ta 43. Malamai sun yi bayani cewa wanda ke da ruwa amma yana tsoron ƙishirwa ga kansa ko abokan tafiyarsa, ya yi taimama. Ga ƙasa mai tsarki iya ganinka. Ga kuma ƙasaru ga matafiyi. Ka kuma bar wasiyya da bayanin basussukanka a gida, wannan ba mugun fata ba ne.

'Yar Kance:
Ni ban san mota ba, amma ku bar ni in ce wani abu. A Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 a hamada tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da ƙananan yara, da yawa daga yankinmu. Motocinsu ne suka lalace, ruwa ya ƙare, mutane suka bazu da ƙafa. A 2017 ma mutum 44 suka rasu da ƙishirwa a kan wannan hanya ta Agadas zuwa Dirku da kuke magana, su ma mota ce ta mutu musu. Don Allah Malam, yaran nan biyu da za ka ɗauka 'ya'yan wasu ne. Ka gaya wa iyayensu gaskiyar inda za ku.

Tsohon Direba, Agadas:
Allah ya jiƙansu. 'Yata kin taɓo inda nake son zuwa. In mota ta mutu, ba a barinta. Mota ana hango ta daga nesa, tana da inuwa, tana kan sawun da wasu za su biyo. Mutum a ƙafa cikin Tenere ba a ganinsa, kuma ba zai iya ɗaukar ruwan da zai kai shi ko'ina ba. A zauna, a yi inuwa, da rana a haska madubi, in an ji ƙarar mota a ƙona tsohuwar taya, hayaƙinta baƙi ne yana tashi sama.

Amma zaman yana da amfani ne in akwai mai nemanka. Saboda haka ka samu mutum biyu, ɗaya a Agadas ɗaya a Bilma, masu hankali, ba masu cewa bari mu ga gobe ba. Ka ba su lambar mota, launinta, sunayenku, hanyar da za ku bi, sunan jagora. Ku yanke rana da awa: in lokaci kaza ya yi ba ku ji ni ba, ku je wurin jandarma, ku tayar da mota. Sabis yana ɗaukewa ba da nisa da Agadas ba, sai Dirku. Don haka a cikin motocinku a samu mai Thuraya, wayar tauraron ɗan Adam, da kuɗi a cikinta, da caji, a gwada kira tun a gari. Lambobin a rubuta a takarda a sa a aljihu. Kowace yamma ka kira ka faɗi lambobin wurin da kuka kwana, shi kuma ya rubuta.

Maganar 'yan fashi ma gaskiya ce, suna nan, shi ya sa na ce ayari. In sun tare ka, mota da kuɗi ba su kai rai ba.

Abba na Kano:
To Baba na sauka daga kan bakata, amma a bar mini GPS ɗina a aljihu. Wai shi Itacen Tenere da ake faɗa, yana nan?

Hajiya 'Yar Kawar:
Wane! Tun 1973 wani direban babbar mota ya banke shi, itace ɗaya tilo a duk faɗin wurin. Gangar jikinsa tana gidan tarihi na Yamai, a wurin kuma an kafa na ƙarfe. Akwai rijiya, amma ruwanta sai dole.

Mai Sola, Maraɗi:
Na kira masu aikin yanzu. Da farko sun ɓata rai, da na ce su tambayi direbobinsu na can ko su za su ɗauko baƙo a Afrilu, sai suka ce to Nuwamba. Baba, in na iso zan neme ka ta akwatin sirri kan maganar jagora. Abin da ya rage mini, farantan nan gilashi ne. In na ba babbar mota, mutane za su hau su zauna bisa kaya, yaya zan yi kada su iso a farfashe?

Direban Zinariya:
Kada a kwantar da su. A yi musu akwatin katako, a jera su a tsaye a kan gefensu, gilashi na duban gilashi, katifar soso ko kwali tsakanin kowane biyu, a matse yadda ba za su yi motsi ba. A sa akwatin a gaba kusa da kan mota, can jijjiga ta fi sauƙi. Ka tsaya da kanka a ɗora a gabanka, ka ba yaron mota na goro, rabin kuɗin dako kuma sai a Dirku bayan ka buɗe ka ƙirga.

Ɗan Zolaya:
Ko kuma a ɗora surukin bisa babbar motar ya yi gadinsu. Ya ga Tenere daga sama, Hilux ta huta.

Mai Sola, Maraɗi:
Wannan sai ka zo ka faɗa wa yayarsa da bakinka. Oga makanike, safaya biyun dole su zama iri ɗaya da na ƙasa, ko zan iya haɗawa da wadda nake da ita?

Makanike, Damagaram:
Girma ɗaya dole, kamfani ko wanne. Kowace a kan rim ɗinta, ka kuma riƙe tub biyu da kayan faci. Turo mini lambar da ke jikin tayarka in duba.